Kilo Hamsin da Darbejiya ta Goma Sha Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki alkawarin shayar da darbejiya talatin ni kaɗai ba, a gaban manyan gwamnati, da mahaifina, da 'yan mata sun fi ɗari biyu masu fararen ɗankwalaye. Ko cikin barci aka tashe ni aka ce in ba da labarin zan bayar, sai dai zan fara laluba zariyar wandona tukuna in ji ko tana nan daram.

Lokacin ina aji uku a wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo, can Kaduna, tsakanin Badarawa da Doka (ba zan faɗi sunanta ba, don tana da tsofaffin ɗalibai masu mutunci, bai kamata a haɗa su da ni ba). Zamanin soja ne, ba a daɗe da fita daga farin nan da ya ƙarar da shanu ba, gwamnati ta tashi haiƙan a kan dashen itatuwa. Mu a Unguwar Kanawa muke. Baba akawu ne a ofishin gandun daji, mutum mai tabarau da biro uku a aljihun gaba, wanda ko cefane zai bayar sai ya yi kamar yana sa hannu a takardar gwamna. Ni ne ɗan fari, saboda haka daga shi har Inna babu mai kama sunana. "Kai" nake, ko "yaron nan", ranar da na yi abin kirki kuma "wannan".

Abu biyu Allah ya ba ni a yalwace: ciki da murya. In na yi kiran ƙanena daga ƙofar gida, har barikin soja ana juyowa. Lissafi kuwa, ina jin ranar da ake rabonsa ina wajen ɗaukar ƙarin tuwo. Zango biyu a jere na zo na kusa da na ƙarshe, shi ma na ƙarshen ba ya zuwa makaranta ne saboda karaya.

Wata ranar Lahadi Baba ya kira ni zaure. Na tarar da Kawu Sale, ƙanen Inna, direban babbar mota a tashar Kawo, yana zaune yana jujjuya makullai a yatsa.

"Kai," in ji Baba, "ka ga kawunka?"

Na ce na gan shi.

"Yaron motarsa ya gudu. Ni kuma na gaji da ciyar da ƙato yana kawo mini jan biro. In zangon nan ya ƙare ban ga alamar lissafi ya shiga kanka ba, ka bar makaranta, ka bi shi."

Kawu Sale ya dube ni sama da ƙasa kamar zai sayi rago. "Malam, ai zai yi. Wannan muryar, in ya ce Gusau! Gusau! har mutanen Gusau ɗin sai sun ji."

Suka yi dariya, ban da ni. Na san aikin: rataye a bayan mota daga nan har Funtuwa, ɗora buhuna, kwana ƙarƙashin taya, sannan abinci sai wanda direba ya rage. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, don na sha ganin Kawu Sale yana cin abinci, ba ya rage komai sai cokali.

Malaminmu na lissafi Ba'indiye ne, siririn dattijo mai farar riga kullum a goge, irin waɗanda gwamnati ta ɗebo da yawa a shekarun nan. Muna kiransa Malam Acca, don in abu ya yi masa daɗi sai ya ce "Acca!" Da Turanci yake koyarwa, amma ya tsinci Hausa 'yar kaɗan a kasuwa, ya fi son "Hankali, yaro, hankali." Yana da wata kaɗa kai tasa, gefe zuwa gefe, wadda har muka gama makarantar ba mu rarrabe ta na'am da ta a'a ba.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan barazanar Baba, Malam Acca ya shigo ya rubuta a allo: 3, 7, 11, 15. Ya ce sabon darasi ne, littafi ya kira shi A.P., wato jerin lambobin da ke hawa ko sauka da tazara iri ɗaya, kamar sojojin da muke leƙe suna fareti, takun kowa daidai da na ɗan'uwansa. Ya ce in kana son lamba ta ɗari a jerin, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Ka ɗauki ta farko, ka ƙara mata tazarar sau casa'in da tara.

Na ɗaga hannu, abin da ban taɓa yi ba sai in zan fita fitsari. "Malam, me ya sa casa'in da tara, ba ɗari ba?"

"Ita ta farkon taku nawa ta yi kafin ta zo inda take?"

Na dubi allo. Sai na ji wani abu ya yi ƙas a cikin kaina, kamar an kunna fitilar ƙwai. "Ba ta yi taku ba, Malam. A tsaye aka same ta."

"Acca!"

Jama'a, ni aka ce wa Acca! Ajin ya ɗauki tafi, wani ya buga tebur, Iliya abokina, wanda shi ne na ɗaya a lissafi tun daga firamare, ya taɓa goshina ya ji ko zazzaɓi ne. Malam ya ba da tambaya biyar, na ci biyar. Da aka tashi ban taka ƙasa ba har gida, a iska na tafi.

Daga ranar duniya ta koma mini A.P. Turakun lantarki na bakin titi, A.P. Matakalar masallaci, A.P. Tsagar fuskar mai nama, na tsaya ina auna tazararta da ido har ya tambaye ni ko tsire nake so ko duka. Da dare muna cin tuwo na ƙare wa ƙannena kallo, mu takwas reras, sai na ga abin mamaki: sha biyar, sha uku, sha ɗaya, tara, har zuwa jaririya 'yar shekara ɗaya. Na ajiye loma na ce, "Inna, bisa lissafi, na tara zai iso baɗi, na goma kuma nan da shekara uku."

Muciya ce ta ba ni amsa, a tsakiyar baya. (Lissafin dai bai yi ƙarya ba. Na taran ya zo a kan lokaci, yanzu haka babban ma'aikaci ne, kuma har gobe bai gode mini ba.)

To, ranar Alhamis aka yi suna a gidan maƙwabcinmu. Tun asuba ƙamshin waina ya tsallako katanga ya shigo ɗakinmu ya zauna a kan ƙirjina. Na sa kayan makaranta, na fito da niyya mai kyau, Allah ya sani, amma ƙafafuna suka yi kwana da kansu. Na aika wa Iliya cewa ya gaya wa Malam cikina ke ciwo, maganar da kafin azahar ta zama gaskiya. Na ci wainar da ta isa a buɗe kasuwa da ita.

Washegari Iliya ya tare ni. "Kai, jiya fa an yi babban darasi. Yadda ake tara jerin gaba ɗaya. Zo in nuna maka."

Na dafa kafaɗarsa irin ta manya. "Iliya, A.P. ai na gama da ita. Je ka taimaki masu ƙaramin ƙarfi."

Ran Asabar ne bikin dashen itatuwa. Ofishin su Baba ne ya ba makarantar 'ya'yan darbejiya talatin (shi Baba, da yake Bakatsine ne, bedi yake ce mata), aka dasa su a jere daga famfon bakin ƙofa har zuwa ofishin shugaban makaranta. Ta farko mita goma daga famfo, kowace ta gaba kuma mita biyar daga 'yar'uwarta. Malam Acca da kansa ya auna da igiya, don ya shirya wa baƙi 'yar nuni. Tsarin mai sauƙi ne: ni, saboda murya, zan karanta tambaya a lasifika. Iliya zai fito ya warware ta a allo. Daga nan yara talatin su jeru, a riƙa miƙa bokiti hannu da hannu, a nuna wa duniya amfanin lissafi da haɗin kai. Aikina karatu ne kawai. Karatu kawai! Ko aku aka ba zai iya.

Sai na yi maganar kayan da na sa, don suna da hannu a cikin abin da ya faru. Iyayen zamaninmu ba sa ɗinka wa yaro wandon makaranta daidai shi, sai a ce wa tela "a bar masa wurin girma". Inna ta sa an bar mini wurin girman da ko yau, da wannan tumbin nawa, ban cike shi ba. Gajeren wando ne na kaki, amma ni da Iliya da kekensa za mu iya shiga. Abin da ke riƙe da shi zariya ce da Inna ta yago daga gefen tsohon zanenta. A ciki kuma akwai kamfai, shi ma aikin hannunta ne, daga farin buhun fulawa. A unguwarmu kowa da irinsa, ba abin kunya ba ne muddin yana ciki. Sai dai yawancin iyaye sukan jiƙa buhun su dirje shi har rubutun ya fita. Inna ta ce ɓarnar sabulu ce.

Aka kafa rumfa a tsakiyar jerin itatuwan, aka jera kujeru. Babban baƙo shi ne Babban Sakataren ma'aikatar su Baba, wani dogon mutum mai babbar riga da ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa. Shekara da shekaru Baba na kai masa fayil, bai taɓa sanin sunansa ba, sai dai "kai, mai tabarau". Baba na can layi na uku a bayansa, ya sa kaftaninsa na Sallah. Gefe guda 'yan badujalar makaranta, ɗaya gefen kuma 'yan matan makarantar da ke maƙwabtaka da mu, an gayyato su su yi waƙar itace. (Hajiyar gidana tana cikinsu. Ta rantse mini ba ta ga komai ba ranar, amma shekara talatin ke nan in ta ga bokitin ƙarfe sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, in ji gado na girgiza.)

Aka yi addu'a, aka yi jawabi, aka yi waƙa. Sai aka kira ni.

Wanda bai taɓa riƙe makirufo ba ba zai gane ba. Akwai aljani a cikin abin nan. Ina cewa "Assalamu alaikum" na ji muryata ta tafi ta bugi bangon ɗakin gwaje-gwaje ta dawo mini ta ninku, tantabaru suka tashi daga rufin. Na ji ni ba ɗan aji uku ba ne, ni ne mai karanta labaran duniya.

Na karanta: "Ga itace talatin. Na farko mita goma daga famfo, tsakanin kowane biyu mita biyar. In mutum ɗaya zai shayar da su da bokiti ɗaya, kowane itace bokiti guda, tafiyar mita nawa zai yi?"

Nan ya kamata in miƙa wa Iliya. Har ya taso da allinsa. Amma idona ya faɗa kan Baba, na tuna zaure, na tuna makullan Kawu Sale. Na ce a raina, yaro, ga ranar da za ka nuna alamar lissafi, a gaban maigidan ubanka ma. Kaina ya yi aiki kamar injin niƙa: ta farko goma, tazara biyar, talatin a cire ɗaya, ashirin da tara sau biyar, a ƙara goma.

"Ba sai an wahalar da allo ba!" na faɗa, lasifika ta yi ƙara. "Amsa ita ce mita ɗari da hamsin da biyar!"

Wurin ya yi tsit. Ni kuma na ɗauka tsit ɗin girmamawa ne, sai na ƙara wuta.

"Kuma don a tabbatar, ba sai an tara yara talatin ba. Ni kaɗai zan shayar da su, kafin Ranka-ya-daɗe ya shanye lemon da ke gabansa!"

Alli ya suɓuce daga hannun Iliya ya faɗi. Na dubi Malam Acca, yana ta kaɗa kai gefe zuwa gefe da sauri, idanunsa waje. Na ce madalla, Malam ma ya yarda.

Babban Sakatare ya kece da dariya, rigarsa na ƙara. "Ɗan wane ne wannan zaƙaƙuri?"

Baba ya miƙe tsaye, ƙirji gaba, har biro ukun na ƙyalli. "Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Mai tabarau, ashe kana da injiniya a gida! A ba shi bokiti."

Aka ba ni. Bokitin ƙarfe ne, irin wanda ko babu ruwa sai ka yi bisimilla kafin ka ɗaga. 'Yan badujala suka saki kiɗa.

Itace na farko, kamar wasa. Na biyu, har da ɗan tsalle. Na uku na ɗaga wa 'yan mata hannu. Na huɗu na lura famfon ya ɗan ja baya. Na biyar na lura ashe komawa ma tafiya ce, ban sa ta a lissafi ba. A na shida na tsaya na hango sauran itatuwan sun miƙe har can inda sama ta haɗu da ƙasa, ƙanana, suna jirana kamar masu bin bashi. Na waiga rumfa. Babban Sakatare ya ɗaga kwalbar lemonsa ya nuna mini, ya sha rabi, ya kuma rage gudu don tausayi, yana ɗan tsotsa kamar magani.

A nan na fara zargin akwai abin da aka faɗa ranar Alhamis.

Amma mai taurin kai ba ya rasa dabara. Na ce bari in yi wayo: in kai wa na can ƙarshe tun ina da sauran numfashi, in dawo in huta a na kusa, haka haka har su haɗu a tsakiya. Na cika bokiti na nufi na talatin. Na wuce rumfa, na wuce 'yan mata, na wuce duk wanda na sani a duniya. Na zuba, na dawo, na kai wa na bakwai. Na sake ɗauka, na ashirin da tara, na dawo, na takwas. Sai na ji wani abin haushi: babu sauƙin da na samu. Biyar ɗin da na rage a na nesa, ita na ƙara a na kusa. Zagaye na biyu daidai yake da na farko, ko taku ɗaya bai ragu ba. Na ce wannan wace irin mugunta ce?

Kafin nan shugaban makaranta ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya ce a ci gaba da shiri. Aka shiga jawabin Babban Sakatare a kan kwararowar hamada, ni kuma ina wucewa ta gabansa, in tafi, in dawo, in tafi, in dawo, kamar mai sa'ayi. Duk sanda na gifta, kawunan jama'a su bi ni, shi ma mai jawabin ya dakata sai na wuce. Mai babbar ganga, wani ɗan banza ɗan ajinmu, ya daidaita bugunsa da takuna: in na rage gudu ya rage, in na yi tuntuɓe ya yi dum-dum. 'Yan mata suka fara tafi a kan kiɗan. Iliya na bina a gefe yana raɗa, "Ka ajiye, don Allah ka ajiye, kusan kilomita biyar ne!" Na ce masa hassada ba ta da kyau. Da numfashi ɗaya-ɗaya na faɗa, kalma biyar sai da ta ɗauke ni mita ashirin.

Rabin ruwan kowane bokiti a jikina yake ƙarewa. Kakin nan ya sha ya ƙoshi, ya yi nauyi kamar an rataya mini ɗan maraƙi a ƙugu. Wainar Alhamis da tuwon Juma'a duk sun ƙone, tumbin da zariya ta dogara da shi ya sace. Na fara jin wandon yana sallama da ni a hankali, amma hannuwana biyu suna kan bokiti, don yanzu da hannu ɗaya ba ya ɗaguwa.

Na cika na nufi na ashirin da takwas. Na iso daidai gaban rumfa, wajen itace na goma sha bakwai, lokacin Babban Sakatare na cewa, "Ya zama wajibi mu rufa wa ƙasarmu asiri da itatuwa..."

Zariyar Inna ta ce ɗas.

Wandon bai zame ba, faɗuwa ya yi, gaba ɗaya, da ƙara, kamar an sauke tutar ƙasar da aka ci da yaƙi. Ya taru a idon sawuna ya harɗe ni. Na tafi gaba, bokiti ya riga ni, ruwan duka ya juye a gindin 'yar darbejiyar nan, ni kuma na sauka a kan gwiwoyi da tafuka, kaina wajen itace, bayana wajen manyan baƙi.

A bayan nan kuwa, da manyan shuɗɗan baƙaƙe, daga wannan ɓangare zuwa wancan, ga abin da Inna ta ƙi ɓata sabulu a kansa: 50 KG. A ƙasa kuma hoton zangarniyar alkama.

Mai ganga ya buga dum guda ɗaya ya tsaya.

Shirun da ya biyo baya, ina jin da na mutu a cikinsa da an ce na yi kyakkyawan ƙarshe. Sai Babban Sakatare, da ya manta makirufo na bakinsa, ya sunkuyo ya gyara tabarau ya karanta wa Kaduna ta Arewa baki ɗaya: "Kilo... hamsin." Ya ɗan yi nazari. "Kai, ya fi haka."

Wayyo! Rumfa ta kusa faɗuwa. 'Yan mata suka zube a kan juna, malamarsu na tsawata musu tana share hawaye. Wani mai busa ƙaho ya yi dariya a cikin ƙahon, ya fitar da wani sauti da ban sake jin irinsa ba sai ranar da aka yanka raƙumi a unguwarmu. Na leƙa ta ƙarƙashin hammatata na hango Baba. Ya cire tabarau yana gogewa, yana gogewa, kamar in ya goge sosai zai mayar ya ga ɗan wani ne.

Na ja wando na zauna a cikin caɓi, na dunƙule shi a hannu ɗaya. Na ce shi ke nan, Gusau, ga ni nan tafe.

Malam Acca ne ya taho, da farar rigarsa, ya tsuguna a gabana cikin laka. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce a hankali, "Ɗari da hamsin da biyar ɗin nan, mene ne shi?"

Na ce, ina haki, "Nisan itacen ƙarshe ne kawai, Malam. Ba a tara ba."

"To a tara. Talatin ne, ɗaya bayan ɗaya?"

Na buɗe baki in ce ban zo ranar Alhamis ba, sai cinyoyina suka ba ni amsa, don su sun halarci darasin yanzu-yanzu. Na ce, "A'a. A haɗa na nesa da na kusa. Duk biyun da ka haɗa, wahalarsu ɗaya ce. Na gwada."

Ya yi wa Iliya alama ya kawo makirufo, ya kara mini a baki. Na sa yatsan hannun da ba ya riƙe da mutuncina na fara rubutu a laka. Na farko da na talatin, goma da ɗari da hamsin da biyar, ɗari da sittin da biyar. Na biyu da na ashirin da tara, haka. Itace talatin, biyu-biyu, kashi sha biyar. Ɗari da sittin da biyar sau sha biyar, dubu biyu da ɗari huɗu da saba'in da biyar. Zuwa ke nan.

"Da dawowa," na faɗa da muryar wanda ya san dawowa, "dubu huɗu da ɗari tara da hamsin."

Iliya ya juya allonsa, inda ya riga ya rubuta amsar tun safe. Ita ce, ko ɗigo babu bambanci.

"Acca!" in ji Malam, har da ɗaga hannu sama. Ya karɓi makirufo ya gaya wa taro, Turanci da Hausarsa a cakuɗe, cewa shekararsa ashirin yana koyar da wannan darasi a ƙasashe biyu, yau ne ya fara ganin wanda ya gano shi da ƙafa. Aka yi tafi, rabi na yabo, rabi na ragowar dariya. Yara talatin suka jeru suka gama shayarwar kafin in gama ɗaure wandona da igiyar awon Malam.

A bayan babur ɗin Baba na koma gida. Ina riƙe da shi ina jin kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa, sau biyu muka kusa shiga kwata. Labari kuwa ya riga mu. Tun daga bakin unguwa yara ke bin mu da "Kilo Hamsin! Kilo Hamsin!" A zaure muka tarar da Kawu Sale, ya zo cin tuwo ya samu abin da ya fi tuwo.

Baba ya zauna, ya cire hula, ya dubi Kawu. "To, Sale, ga yaronka."

Zuciyata ta tsinke kamar zariyar ɗazu.

Kawu Sale ya share hawaye da hannun riga. "A'a, Malam, riƙe kayanka. Yaron mota da hannu biyu yake rataya a baya. To wa zai riƙe masa wando daga nan har Funtuwa?"

Baba ya yi ta ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya ƙi. Daga ƙarshe ya ce, "Wannan," (kun ji, wannan!) "Ba'indiyen ya ce kanka na ja, sai dai bakinka ya fi shi gudu. Litinin ka koma makaranta. In ka sake tsallake darasi saboda waina, ni da kaina zan rataya ka a motar."

Ashe har wainar ya sani.

Inna kuwa, da aka kai mata ƙara, ko a jikinta. Ta ce buhun mai kyau ne, ai ga shi bai yage ba, zanen ne ya tsufa. Baba ma bai yi asara ba: daga ranar Babban Sakatare ya daina ce masa mai tabarau, ya koma "Baban Kilo Hamsin", yakan tsaya a baranda ya tambayi lafiyata da nauyina. A zangon na zo na tara a lissafi, kuma har na gama makaranta, duk tambayar A.P. da ta fito, kafin in ɗauki biro sai in ji cinyata ta motsa.

Kwanakin baya na bi ta wajen. Yawancin itatuwan suna nan, amma ta goma sha bakwai ta fi kowace girma, inuwarta ta rufe rabin hanya, masu sayar da rake sun kafa sansani a ƙarƙashinta. Na tsaya na gaishe ta, don mun san sirrin juna.

Abin da na koya, ga shi kyauta: in aka yi maka tambaya, ka tsaya ka ji ko ta ƙarshe ake nema ko jimla, don tsakaninsu akwai kusan kilomita biyar. Kuma duk inda za a miƙa maka makirufo, kafin ka gwada muryarka, gwada zariyarka. Wainar dai, gaskiya, ko yau aka sake yin sunan nan, ban yi alkawarin komai ba.